Wane Jirgin Ruwa Za Ka Zaɓa Idan Za Ka Kai Baƙi Ganin Teku a Legas?

Duk Bahaushen da ya jima a Agege, Idi-Araba ko Obalende ya san cewa idan baƙi suka sauka daga gida, musamman a hutun Sallah, ba za su koma ba sai an kai su sun ga teku. Wuraren da aka fi sha'awa, irin su Tarkwa Bay da Ilashe, ba a isa gare su sai ta ruwa, kuma yawancin baƙin nan ba su iya iyo ba. Saboda haka nauyin zaɓen jirgi yana wuyan mai masauki, kuma kafin ya biya kuɗi ya kamata ya san bambancin abin da ake tallata masa a bakin tasha.

Ruwan Legas ba kamar kogi ko madatsar ruwa ta Arewa ba ne, domin hanya ce mai cunkoso. Jirgin da zai kai ka Tarkwa Bay daga Marina ko Falomo dole ya bi gefen mashigar da manyan jiragen dakon kaya ke bi zuwa tashoshin Apapa da Tin Can. Irin waɗannan jirage ba su da birki, suna buƙatar tazara mai tsawo kafin su tsaya, kuma wanda ke tuƙa su daga can sama ba lallai ya hango ƙaramin jirgi a gindinsa ba. Shi ya sa dokokin kauce wa karo a teku na duniya, na shekarar 1972, suka hana jirgin da bai kai mita 20 ba tare hanyar babban jirgi a ƙuntatacciyar mashiga. Ban da manyan jirage akwai faffaɗan jiragen da ake lodin kwantena a kansu ana ja ko turawa, akwai bututun masu haƙar yashi, da gumagumai da ake janyowa zuwa wajen masu yankan katako, da tsofaffin jirage da suka nutse aka bar su.

Zaɓin da na fi natsuwa da shi shi ne jirgin gwamnatin jiha, wato LAGFERRY, wanda Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sake ƙaddamarwa a watan Fabrairun 2020. Jiragensa rufaffu ne, suna da faɗi, ana ƙirga fasinjoji daidai da kujeru, ana ba kowa rigar kariya kafin a tashi, kuma ana iya biya da katin Cowry da ake shiga motar BRT da shi. Ga tsoho ko mace mai goyo da ke son ganin birnin daga kan ruwa, tafiya daga tashar Five Cowries da ke Falomo zuwa Ipakodo a Ikorodu ko zuwa Badore ta wadatar. Naƙasunsa shi ne an tsara hanyoyinsa da lokutansa domin masu zuwa aiki, ba domin masu yawon shaƙatawa ba, don haka wanda ya nufi gaɓar teku sai dai ya nemi a ba shi shatar jirgi guda, wadda sai an haɗa kuɗi tsakanin iyalai da dama.

Na biyu su ne ƙananan jiragen haya masu gudu, waɗanda aka fi sani da banana saboda siffarsu. Su suka fi yawa, su suka fi araha ga mai zuwa Tarkwa Bay, kuma su ne ke buƙatar ka buɗe ido sosai. Jirgi ne buɗaɗɗe, marar nauyi, da inji a bayansa, kuma idan ya ɗauki gudu hancinsa yana ɗagawa har ya kare wa direban da ke zaune a baya ganin abin da ke gabansa. Direban kirki yana da yaro a gaba mai duba masa hanya, yana rage gudu a kwana da kusa da gada, yana kuma fuskantar igiyar da babban jirgi ya bari a hankali maimakon ya bari ta doke shi a gefe. Tun da ribarsa tana ga yawan sawu da yawan kawuna, jarabar ƙarin lodi tana tare da shi kullum. Idan ka ga bakin jirgin ya kusa daidaita da ruwa, ko an zaunar da yara a cinya ba tare da an ƙirga su ba, ka sauko da iyalinka ka jira na gaba, ko da ɗan kamasho ya rantse maka cewa tafiyar minti kaɗan ce. Ka kuma hau daga tashar da jami'an LASWA suke tsaye, wato hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jiha da aka kafa a 2008, ba daga wani lungu a ƙarƙashin gada ba.

Shata ita ce ta uku, kuma a ganina ita ta fi dacewa da iyali mai mutum takwas ko goma. Ta fi tsada, amma abin da kake saya da ƙarin kuɗin shi ne iko: kai za ka faɗi adadin mutane, kai za ka ce a rage gudu, kai za ka tsayar da lokacin dawowa. Kafin ka ba da kafin alƙalami ka je ka ga jirgin da idonka, ka tambayi rajistarsa da LASWA ko NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ka duba ko fitilunsa suna aiki, ja a hagu da kore a dama, ka ƙirga rigunan kariya. Jirgi mai inji biyu ya fi mai ɗaya, domin mutuwar inji a tsakiyar mashiga na nufin ruwa ne zai zaɓa maka inda za ka dosa. Kada ka yarda da direban da ya zauna shan barasa a gaɓa yana jiran ku.

Kwale-kwalen katako kuwa na masu zama a bakin ruwa ne da suka saba da shi. Ba na ba wa baƙo shawarar shigarsa.

Lokacin dawowa shi ne abin da mutane suka fi yi wa sakaci, alhali hukumomi sun hana jiragen fasinja tafiyar dare. A watan Yulin 2022, ana jajibirin Babbar Sallah, wani jirgi ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da misalin ƙarfe bakwai na yamma, ruwa ya ja shi ya haɗa shi da wani jirgin dakon kaya da ke tsaye, ya kife, fiye da mutum 15 suka rasu, yawancinsu 'yan gida ɗaya masu zuwa yin Sallah da dangi. Allah ya jiƙansu da rahama. Ka tsara tafiyarka ta yadda za ku yi sallar La'asar a gaɓa ku kama hanya, Magariba ta same ku a tudu. A ƙarshen damina kuma kainuwa tana toshe hanyar Ikorodu tana naɗe farfelar inji, don haka a ƙara wa tafiyar lokaci.

Akwai abu ɗaya da nake ganin ya cancanci ka saya da kuɗinka, wato rigar kariya ta yara, domin waɗanda ake rabawa a ƙananan jirage galibi na manya ne, wasu ma igiyoyinsu sun tsinke, kuma yaro yana iya zamewa daga cikin rigar da ta yi masa yawa da zarar ya faɗa ruwa. Ka duba lambar da ke jikin rigar, wadda ke nuna ƙarfinta na ɗaga mutum a ruwa. Mai 50N taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa, mai 100N ta dace da ruwa mai kwanciya, mai 150N kuwa an yi ta ne ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma, kuma ita nake zaɓa wa duk wanda bai iya iyo ba. Ta yaro ana zaɓen ta da nauyinsa, a tabbatar tana da abin wuya, da usur, da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Babbar riga da dogon hijabi suna naɗe hannu da ƙafa a ruwa, saboda haka maza su sa ƙananan kaya, mata su tattara hijabi su ɗaura rigar kariya a kansa, a ɗaure ta tamau tun kafin jirgi ya bar tasha. Ka sa waya a leda mai hana ruwa shiga, ka adana lambobin gaggawa na jihar, 112 da 767, ka kuma gaya wa wani a gida tashar da kuka hau da ƙarfe nawa za ku dawo.