BVAS da IReV a zaɓen 'yan majalisar tarayya: inda suka yi rawar gani da inda suka gaza

A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, wanda aka yi don cike kujeru 109 na Majalisar Dattawa da 360 na Majalisar Wakilai, hukumar INEC ta dogara da na'urar BVAS wajen ayyuka biyu: tantance mai zaɓe, da ɗora hoton sakamako a IReV, shafin intanet na hukumar inda jama'a ke duba sakamakon rumfuna. A aikin farko ta cancanci yabo. Na biyun ne ke da sauran gyara.

Tantancewar ba ta buƙatar intanet, domin rajistar rumfar tana cikin na'urar tun daga ofis. Jami'i zai haska katin zaɓe, ko ya shigar da lambobi shida na ƙarshen lambar katin, sunan mutum ya fito, sannan a gwada yatsa. Yatsan manomi da ya goge, ko gilashin da gumi da ƙura suka dusashe, kan sa ta ƙi karɓa. Sai a koma ga fuska, a tsayar da mutum inda haske ke dukan fuskarsa, ba bayansa ba. Nan ta fi tsohuwar na'urar karanta kati ta 2015 da 2019 nesa ba kusa ba, don ta rufe ƙofar cike fom ga wanda na'ura ta ƙi, ƙofar da aka sha yin aringizo ta cikinta. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta ƙara mata ƙarfi: ƙuri'u suka haura adadin waɗanda aka tantance, a soke sakamakon rumfar.

Bayan ƙirga akan cike fom ɗin sakamako, EC8A(I) na sanata da EC8A(II) na ɗan majalisar wakilai, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hoto a tura. A nan ake neman sabis, kuma sau da yawa duhu ya riga ya yi. Hoton da aka ɗauka da hasken tocila yakan fito dishi-dishi, har 3 da 8 su rikice. Na'urar ba ta duba ko lissafin fom ɗin daidai ne, abin da aka nuna mata shi take turawa. Shi ma IReV hotuna kawai yake nunawa, ba ya haɗa jimilla, kuma a Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta ce ba wurin tattara sakamako ba ne. A ranar zaɓen, sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ne ya maƙale na tsawon sa'o'i, abin da ya zubar da kimar shafin a idon jama'a.

Don haka wakilin ɗan takara ya tabbatar na'urar na nuna sifili a adadin waɗanda aka tantance kafin a fara. In an gama, ya gwada adadin da ke fuskarta da wanda aka rubuta a fom, ya karɓi kwafinsa mai hatimi da sa hannu, ya bi shi har cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa.