Sadin ko tuna: wane kifin gwangwani ya fi gina jiki?

Wajen furotin kusan kunnen doki suke, giram 20 zuwa 25 a kowane giram 100. A kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, sadin ya yi fintinkau. Zafin da ake dafa shi a cikin gwangwani yana tausasa ƙayarsa har ta ciwu, ita ce ke ba da wajen miligiram 380 na kalsiyam a kowane giram 100, tuna kuwa bai kai 20 ba. Wanda ya zare ƙayar ya zubar da mafi yawan wannan amfanin.

Sadin ƙaramin kifi ne, bai cika tara sinadarin makuri mai guba ba. Tuna, musamman farin, yana tarawa, shi ya sa ake iyakance wa masu juna biyu cinsa. Tunan da aka zuba wa ruwa a gwangwani maimakon mai dai ya fi ƙarancin maiƙo. Mai hawan jini ya tsiyaye ruwan gishirin kowanne kafin ya ci.