Ƙurjin da ke girma cikin makonni: yadda ake yi da shi a Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

Akwai wani kumburin fata da likitoci ke kira keratoakantoma. Dattawa ya fi fitowa, galibi waɗanda suka haura shekara 60, a inda rana ke duka: fuska, kunne, bayan hannu. Yana farawa ɗan ƙarami, cikin 'yan makonni ya zama dunƙule mai faɗin santimita 1 zuwa 2, gefensa a tashe, tsakiyarsa da rami cike da busasshen abu mai tauri. Turawa ya fi kamawa, amma zabiya ma suna cikin haɗari ƙwarai, kuma dominsu na fi damuwa.

Wani lokaci yakan motse da kansa bayan wasu watanni, ya bar tabo. Duk da haka a nan ba a jiransa, domin da ido ba a iya bambanta shi da wata sankarar fata mai iya yaɗuwa.

Mutum zai fara da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Shi ba zai yanka ba, tura ka zai yi wa likitan fata ta layin gaggawa na waɗanda ake zargin suna da sankara. Ƙa'idar NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati a Ingila, ita ce cikin kwana 28 a faɗa maka sankara ce ko ba ita ba, ko da yake cunkoso kan sa a wuce haka. A wasu asibitoci hoto ake fara ɗauka da madubi mai ƙara girma, likita ya duba a kwamfuta. Ba a karɓar kuɗin aikin daga mazauna ƙasar, amma yawancin masu bizar zama sun riga sun biya kuɗin kula da lafiya, fam 1,035 na kowace shekara.

Aikin kansa bai fi ƙarfin asibitocinmu na gida ba. Allurar kashe zafi, a yanke dunƙulen duka har gindinsa tare da lafiyayyar fata kamar milimita 4 a kewaye, a ɗinke, ka koma gida ranar. Zaren fuska ana cire shi bayan kwana 5 zuwa 7, na hannu 10 zuwa 14.

Inda suka fi mu shi ne abin da ke biyo baya. Naman da aka cire ba a yar da shi. Ana sa shi cikin ruwan fomalin a kai ɗakin bincike, a duba irinsa, a kuma duba ko an bar saura a gefe. In an bari, sai a sake yanka. A gida sau da yawa ana ɗaukarsa maruru, a matse ko a tsaga, a sha maganin ƙwayoyin cuta, alhali babu mugunya a ciki. Ko an cire, in ba a yi gwaji ba, babu wanda ya san me aka cire. Asibitocin koyarwa suna yin wannan gwajin, sai dai ku nema da bakinku tun kafin a taɓa wuƙa. Kada a yarda a kankare samansa kawai, domin amsar tana can ƙasa.

Man kare fata daga rana kuwa, a nan kowane kanti akwai shi. In za ku sa a aiko wa zabiya, ku nemi wanda aka rubuta SPF 50 a jikinsa, wato lambar ƙarfin kariyarsa, a shafa duk bayan awa 2 in ana cikin rana, a haɗa da malafa da riga mai dogon hannu.