Na sauya wa motar rimot ɗina casis, ga yadda ta kaya

Motar nan tawa irin mai manyan tayoyi ce, sikelin 1/10 (wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), gudu kam ba a magana tunda na sa mata batirin LiPo 2S (batirin caji mai sel biyu) mai 7.4V, amma da ka sha kwana da ɗan ƙarfi sai ka ganta ta kife tayoyi sama kamar kunkuru. Dama haka irinsu suke, nauyin duk a sama yake. Shi ne na yi odar casis (wato firam ɗin da ake ɗaura sassan mota a kai) mai ƙasa-ƙasa wanda batir ke zama can ƙasa a tsakiya, sati 3 kafin ya iso, kuma wallahi sukuru biyu babu a ledar, sai da na cire na tsohon na cike.

Haɗawa ta ci min yamma guda, don sai ka kwance mota gaba ɗaya, ka ɗauki hoto kafin ka kwance fa in ba haka ba za ka sha wahala. Na haɗa da canza man shokozoba daga 30wt zuwa 50wt, wato zuwa wanda ya fi kauri, gaskiya wannan ma kaɗai ya rage lilon da take yi.

Yanzu a filin ƙwallon unguwarmu ina shan kwana ba tare da na saki maƙura sosai ba, sai dai bayan ya ɗan zame. Matsalar kawai cikinta na gogar ƙasa in akwai duwatsu ko kunya-kunya, har ya fara karcewa. In tsalle da hawa tudu kake so bar ta yadda take, ni dai kwana nake so kuma kuɗina bai tafi a banza ba.