Kafin Ka Kashe Kuɗi Kan Sabbin Bawul Na Amfilifayar Jita

Wani yaro mai kaɗa jita a wuraren biki ya shigo shagona rungume da amfilifayarsa, Fender Deluxe Reverb, ga takarda a aljihu ya jera bawul tara da yake so a yi masa odarsu, wato 'yan kwalaben gilas da ke ƙara wa sautin jita ƙarfi a cikinta. Ya ce, "Oga, a canza su duka, ta fara tsuwa." Na kunna ta, na bari ta ɗumama, sannan na ɗauki fensir na riƙa ƙwanƙwasa 'yan kwalaben nan na baya ɗaya bayan ɗaya. Duk shiru, sai da na zo kan wani ƙarami kusa da ramin da ake cusa wayar jita, lasifika ta amsa kamar an taɓa kofin gilas da cokali. Shi kaɗai ne mara lafiya. Sauran takwas ɗin lafiyarsu lau.

Kafin a yi maganar wane za a saya, sai an san wane ne ya mutu. Bawul ɗin da ke cikin amfilifaya gida uku ne. Akwai ƙanana masu ƙafa tara da ke karɓar sautin jita tun yana siriri su kumbura shi. Akwai manya masu tura lasifika, su ne ke shan zafi, su ne kuma ke saurin tsufa. Wanda ke fita aiki kowane mako zai iya canza su cikin shekara ɗaya ko biyu, alhali ƙananan suna nan shekara da shekaru. Wasu amfilifayoyin suna da na uku, mai juya wutar soket zuwa irin wadda na'urar ke ci, kamar GZ34 ko 5U4 ko 5Y3. In sauti ya yi sanyi, ƙarfi ya ragu, ko fis yana yawan ƙonewa, a fara tuhumar manya. In tsuwa ce ko tas-tas, galibi ƙanana ne. Ka kuma duba tabon azurfa da ke jikin gilas ɗin: muddin yana sheƙi, iska ba ta shiga ba, amma in ya koma fari kamar alli, wannan ya gama aiki. Ɗan shuɗin haske a jikin gilas ba ciwo ba ne. Ƙarfen ciki ya yi ja kamar garwashi kuwa, kashe nan take.

A ƙananan ne mai saye yake da 'yanci sosai, don ƙafafunsu iri ɗaya ne, kana cire wannan ka cusa wancan ba tare da wani saiti ba. 12AX7, wanda Turai ke kira ECC83, shi ne gama-gari, ƙarfin kumbura sautinsa ninki 100 ne. 5751 yana da 70, 12AT7 yana da 60, 12AY7 wajen 40, 12AU7 kuma bai wuce 20 ba. In amfilifayarka tana fara ƙazanta tun maɓallin ƙara bai wuce uku ba, kai kuma sauti garau kake so wanda kowace tsirkiya ke fita daban, sa 5751 ko 12AY7 a gurbin farko. Wannan gurbin na fi ba muhimmanci fiye da kowane, domin duk abin da ya shiga nan, mai kyau da mara kyau, sauran matakan ƙara masa girma za su yi. Marshall JTM45 ta 1962 kusan kwafin Fender Bassman ce, har manyan bawul ɗinta na farko 5881 ne irin na Bassman, amma muryarsu ta sha bamban, kuma cikin dalilan akwai 12AX7 da aka sa a gurbin farko inda Fender ta sa 12AY7, sai kuma lasifikar Celestion a rufaffen akwati. Shi 12AT7 ka bar shi a inda Fender ta ajiye shi, wajen tura amon ribab, wato amsa-kuwwar sauti, da kuma gab da manyan bawul. A gurbin farko sautinsa yakan fito a bushe.

Manyan kuwa ba a yi musu haka. Kowace amfilifaya an gina ta ne a kan nata: Twin Reverb tana ɗaukar 6L6GC huɗu, Deluxe Reverb 6V6 biyu masu ba da wat 22, Marshall mai wat 100 EL34 huɗu, Vox AC30 kuma EL84 huɗu. Masu kiɗa sukan ce 6L6 yana da faɗi da ƙasa mai nauyi, EL34 yana da cizo a tsakiya, EL84 yana da amo irin na ƙararrawa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai rabin wannan halin daga tsarin wayoyi da taransifoma da lasifika yake zuwa, don haka sa EL34 a Fender ba zai mai da ita Marshall ba. Abin da zai iya yi shi ne ɓarna. EL34 da 6L6 suna shiga soket iri ɗaya mai rami takwas, amma siririyar wayar da ke ɗumama EL34 daga ciki tana jan amfiya 1.5, ta 6L6 kuma 0.9, ka ga taransifomar da ba a yi ta don wannan lodi ba za ta riƙa dahuwa a hankali. Ga kuma ƙafa ta ɗaya, wadda EL34 ke aiki da ita, tsofaffin Fender kuwa sun mai da gurbinta wurin ɗaure wata waya. Sai in amfilifayar tana da maɓallin sauyawa daga kamfani, kamar Mesa Dual Rectifier. Ko a cikin dangi ɗaya a kula: 5881 ɗan'uwan 6L6GC ne, amma yana jure wat 23 ne inda 6L6GC ke jure 30.

Manya ana sayensu ne biyu-biyu ko huɗu-huɗu, waɗanda aka auna aka ga suna jan wuta daidai da juna. Kada ka yarda a haɗa maka su daga kwali daban-daban don an rage maka kuɗi; ɗaya zai ɗauke wa ɗaya kaya, gurnani ya biyo baya. Bayan an sa su sai maganar bayas, wato daidaita yawan wutar da ke ratsa bawul lokacin da ba a kiɗa. AC30 tana daidaita kanta. Yawancin Fender da Marshall sai an saita da mita, kuma masu gyara ba sa son wuce kashi 70 cikin 100 na abin da bawul ke jurewa; ga EL34 mai wat 25 a kan bolt 450, wajen miliamfiya 39 ke nan. Mesa ba ta sa abin saitawa ba, sai ka sayi waɗanda aka tace don ita. Wannan aikin mai gyara ne, ka sa kuɗinsa cikin lissafin sayayya. A cikin akwatin nan akwai bolt sama da 400, kuma kafasita, kayan da ke tara wuta a ciki, na riƙe ta ko bayan an zare soket. Ba wurin gwaji da sukudireba ba ne.

Sai sunayen kamfani, inda kuɗin mutane ya fi tafiya a banza. Masana'antun da suka rage a duniya ba su da yawa. JJ na garin Čadca a Sulobakiya. Sovtek, Electro-Harmonix, da sabbin Tung-Sol, Mullard da Genalex Gold Lion duk daga masana'anta ɗaya suke fitowa a Saratov ta Rasha, ƙarƙashin kamfanin New Sensor na Amurka. Yawancin sauran na Sin ne, irin su Psvane. Shi ya sa da yaƙin Yukren ya tashi a 2022, kaya suka yi wuya, farashi ya yi sama lokaci guda. Su Groove Tubes, TAD da Ruby suna karɓa ne daga waɗannan masana'antun, su gwada, su tace, su buga sunansu. Wannan tacewar kake biya, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta. JJ yana da ƙarko, sautinsa ya ɗan fi duhu, 6V6S ɗinsa kuma yana jure wutar Deluxe Reverb da ke wahalar da wasu. Tung-Sol 12AX7 ya fi haske, yana yi wa amfilifaya mai dushewar murya kyau. Bambancin yana nan, amma bai kai wanda sabbin tsirkiyoyi ko canza lasifika ke kawowa ba.

Tsofaffin da ba a taɓa amfani da su ba, na RCA da GE da Telefunken da Mullard na asali daga Blackburn ta Ingila, ingancinsu ba a musu. Matsalar ita ce jabu sun cika kasuwa. Na taɓa sayen biyu a hannun wani mai sayarwa a intanet, kwali tsoho, tambari tsaf, da na goga yatsa sai rubutun ya bi hannuna, ƙirar ciki kuma ta sabon kaya ce. In har za ka saya, sayi ƙarami ɗaya na gurbin farko, daga wanda zai rubuta maka sakamakon gwaji ya kuma yarda ka mayar. Manyan tsofaffi tsada gare su, kuma su ma ƙarewa za su yi.

Ga mu da ke kiɗa da wutar janareta, akwai abin da ke kashe bawul fiye da tsufa. Amfilifayar da aka kawo daga Amurka ta bolt 120 ce, tamu wutar 230, don haka sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin lodin. Abin ɗumama bawul bolt 6.3 yake so, in wuta ta yi sama shi ma ya yi sama, kwanansa ya ragu. Sitabilaiza mai kyau ta fi sabon saiti na bawul araha. Kada a kunna ba lasifika a jone, kada a jingina bayanta da bango, kuma a bar ta ta huce kafin a ɗora ta a mota.

Yaron nan JJ 12AX7 ɗaya na sa masa, na ba shi wani da fis biyu ya ajiye a jakar jita, nannaɗe cikin tsumma. Kafin ya tafi na auna 6V6 ɗinsa, suna jan wuta daidai da juna, na rubuta adadin da kwanan wata a jikin takarda na manna a cikin akwatin, don wanda zai buɗe ta nan gaba ya san daga inda aka tashi.