Dattijon Mai Komik a ExCeL: Ya Mutunta Powerman Ɗin Kawuna, Ya Sayar Mini da Hulk Mai Rami

Sati uku ke nan da dawowata daga taron masu son komik na MCM da aka yi a zauren ExCeL a Landan a watan Oktoba, sai yau na iya zama na rubuta wannan. Da a daren Asabar ɗin nan na rubuta, da abin da zan faɗa ba zai karantu a gaban yara ba. Ba zan kama suna ba. Dattijo ne mai furfura, tabarau rataye a wuya, ya jera dogayen kwalayen nan farare a kan tebur, masu tsadar kuma ya kafe su a allo a bayansa, inda hannu ba ya kaiwa sai ido. Irinsa sun fi goma a zauren, don haka kada wani ya je ya tsare wanda bai ji ba bai gani ba. Su ma masu shirya taron ba ruwansu, hayar tebur suka ba shi.

Bari in fara da alherinsa, don kada a ce haushi ya rufe mini ido.

Ni da ɗana muka sauka a tashar Custom House da hantsi, jakata ɗauke da kaya iri biyu. Na farko tarkacen da na yi ta saye tun zuwana Ingila, yawancinsu na shekarun 1990. Na biyu kuwa Powerman guda shida na kawuna. Ga wanda bai sani ba, Powerman komik ne da aka yi musamman don kasuwar Najeriya daga 1975 zuwa 1977, jarumin baƙar fata ne, amma Turawan Ingila ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, tun suna samari ba wanda ya san su. Kawu ya saye su ne lokacin yana aikin masaƙa a Kakuri, ya adana a akwatin ƙarfe tare da takardun makarantarsa da kafur. Guda goma sha huɗu ne, gara ta ci biyar. Da na je gida bara ya miƙo mini sauran tara a leda, ya ce, "Kai ne mai son waɗannan abubuwa, tafi da su kafin su ma a cinye."

Rumfa huɗu na nuna wa kafin in iso gun dattijon. Biyu ko leda ba su buɗe ba. Wani saurayi ya duba wayarsa, bai ga farashi ba, ya ce shi abin da babu a littafin farashin komik na Overstreet ba ya taɓawa. Shi kuwa dattijon yana ganin bangon farko sai ya ɗora tabarau a hanci, ya goge hannuwansa a wando, ya ce in ba shi izini ya buɗe. Wallahi yadda ya riƙe takardar nan da ta yi ja don tsufa, kamar ungozoma ta karɓi jinjiri. Shafi biyu kawai ya juya ya ce wannan hannun Gibbons ne, wancan na Bolland. Ya nuna wa ɗana 'yan lambobin da aka sa wa kowane zane don mai karatu ya san wanda zai bi, abin da ni na sha gani ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Ya ce shi wanda aka sake bugawa a Amurka a 1988 kaɗai ya taɓa riƙewa, na asalin da aka sayar a Najeriya bai taɓa shigowa hannunsa ba. Mutane suka fara taruwa. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Tarkacen 1990 ɗin nan kuwa gaskiya ya gaya mini ba tare da wulaƙanci ba. Ya ɗaga X-Men na ɗaya na 1991 da nake ta lallaɓawa, ya ce an buga fiye da miliyan takwas, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran ya yi tsada, shi ya sa har yau bai yi ba. Ya ce in bai wa yaro ya karanta. Wannan shawara ta sa na yarda da shi, kuma yardar ce ta kai ni ta baro.

A allon bayansa akwai komik ɗin Hulk fitowa ta 181. Kun san shi, ba sai na yi dogon bayani ba: na Nuwamban 1974, senti 25 a bango, inda jarumin nan Wolverine ya fara fitowa sosai bayan leƙen da ya yi a zanen ƙarshe na 180. Shekara biyu ina tara kuɗin aikin dare saboda shi. Wannan ba a kulle yake cikin robar kamfanin CGC mai auna darajar komik ba, a leda yake da kwali a baya, an manne bakin da salatif. Bangon ya ɗan karye a kusurwa, gadon bayan ya ɗan goge, amma jan launin nan yana nan raɗau. A idona ya kai 4 ko 4.5 a ma'auninsu mai tsayawa a 10. Ya rubuta fam 1,500. Duk wanda ya san kasuwar ya san a wannan kyan gani kuɗin bai yi yawa ba, kuma a nan ya kamata in tsaya in tambayi kaina me ya sa.

Na taya 1,200, ya girgiza kai, irin albarkar Turawa. Muka yi ta ja har muka tsaya a 1,350. Ya yi wa Powerman shida kuɗi fam 300, wato hamsin hamsin, na cika 1,050 da kati. Kafin in sa katin na ce ina so in buɗe in gani. Bai hana ni kai tsaye ba. Cewa ya yi in dubi cunkoson nan, ga yara da takubban roba, ga masu kofin kofi a hannu, salatif kuma in ya kama bango shi ke nan an yi asara, amma in na nace zai buɗe. Na tambaye shi, "Cikakke ne?" Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Labarin duk yana nan, ko shafi ɗaya bai ɓace ba."

Ku riƙe wannan amsa. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, mahaifina shekara talatin yana sayar da yadi, tun ina firamare na san ba a cinikin biri a sama. Amma mutumin da ya gama girmama kayan kawuna a gaban jama'a, ina zan iya cewa ban yarda da maganarsa ba? Kunya ta kama ni. Na sa kati.

Bayan sallar isha'i na share teburin cin abinci, na wanke hannu, na ɓare salatif ɗin a hankali na manna shi can nesa a gefen tebur. Ina juya shafi ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin tsohuwar takarda yana tashi, sai ga rami. Murabba'i ne tsaf, an bi layi da almakashi, ta cikinsa ina hango shafin da ke ƙasa. An yanke kan sarkin.

Ga waɗanda ba su san wannan masifa ba: a 1974 kamfanin Marvel ya riƙa buga wani ɗan hoto mai kama da kan sarki a cikin komik ɗinsa, guda 100 ne a jerin farko, ana kwaɗaita wa yara su yanke su manna a wani ɗan littafi har su cika. Na cikin Hulk 181 shi ne lamba 54. Yara kuwa suka yi abin da aka ce su yi. Shi ya sa tambayar farko da duk mai hankali ke yi a kan wannan littafi ita ce ko kan sarkin yana nan. In babu shi farashi ya faɗi warwas, in ka aika CGC can Florida ba za ka sami shuɗin tambarin da kowa ke nema ba a kan darajar da idonka ya gani, kore za su manna maka su rubuta cewa bai cika ba. Na san duk wannan. Na karanta shi ya fi sau ashirin. Sai dai na ce "cikakke ne?" maimakon in ce "kan sarkin yana ciki?", shi kuma ya bi ta ƙofar da na bar masa a buɗe.

Matata ta leƙo ta ga yadda na yi tagumi, ta ce, "Maigida, lafiya?" Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ce, "Yanzu wannan ɗan wurin ne kuɗin aikin daren?" Ban tanka ba.

Ranar Lahadi na sake sayen tikiti, abin da ban sa a lissafi ba, na isa tun ana buɗe ƙofa. Yana ganina ya gane abin da ya kawo ni, na ga haka a fuskarsa. Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Sai ya karɓi ledar, ya juya ta, ya nuna mini ƙasan kwalin da ke baya. Da fensir, ƙanana kamar ƙafar kiyashi, an rubuta haruffa uku, MVS, gajeren sunan kan sarkin da Turanci, an ja layi a kansu. Ya ce ga shi nan ya rubuta, kowa a harkar nan ya san ma'anarsa, kuma shi ya sa kuɗin ya sauka haka. Na ce littafin yana kafe a allo, bayansa na kallon bango, ta yaya zan gani? Na ce na tambaye ka baki da baki. Ya ce, "Ka tambaye ni, na ce labarin duk yana nan. Ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ƙarya ya shirga da na san inda zan kama shi. Wannan kuwa zaɓen kalma ne na wanda ya daɗe a kasuwa, ya san abin da nake tambaya sarai, ya amsa wani abu dabam.

Duk da haka sai ya sake ba ni mamaki. Ya ce ba ya son in tafi da ɓacin rai, a warware ciniki, ya mayar mini da kuɗina. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara cewa a raina mutumin nan dai ba mugu ba ne, tsufa ne da sabo. Na ce to, a ba ni Powerman ɗina shida. Nan ya sosa ƙeya. Huɗu sun tafi tun yammacin Asabar, wani mai tara aikin Bolland ya kwashe. Na ɗaga kai, sai ga sauran biyun a allo, daidai gurbin da Hulk ya bari, kowanne da takardar fam 120.

Na san ɗan kasuwa don riba ya fito. Ya biya tebur, ya biya mota, ya kwana a otal, ba wanda zai saya a hamsin ya sayar a hamsin. Da cinikin Hulk ya tafi daidai, da ko a jikina. Amma tsayuwa a wurin, da littafi mai rami a hannu, ina kallon kayan da kawuna ya tsare daga gara shekara kusan hamsin an ninka musu kuɗi fiye da biyu cikin kwana ɗaya, sai duk yabon nan na jiya ya sauya mini kama. Na fara tunanin goge hannu a wando da kiran ɗana ya ga lambobi, shin son abin ne ko dabarar saye? Har yanzu ina jin son abin ne da gaske, domin idon mutum ba ya irin wannan ƙyalli don wasa. Sai dai son bai hana shi auna ni ba.

Ya ce zai biya ni huɗun a kan hamsin hamsin ɗin da muka yi. Na ƙi. In na karɓa, na tashi ba Hulk, ba Powerman huɗun nan, sai kuɗin da dama nawa ne. Muka yi kusan rabin awa, masu saye na zuwa suna wucewa, shi yana duban su yana dubana. A ƙarshe na riƙe Hulk, ya mayar mini da fam 250 a kati, ya sauko da Powerman ɗaya daga allo ya ba ni. Na nemi duka biyun ya ce ɗayan an riga an ba da kafin alƙalami. Ko gaskiya ne ko a'a, shi ya sani.

Ledojinsa masu kyau ne, kwalayensa a tsare suke bi da bi, na'urar katinsa ba ta ba da wahala. Wannan ke nan.

In taurari ake bayarwa, jiya da na fara tsara wannan a kaina uku na yi niyya, saboda ya karɓe ni ranar Lahadi alhali yana iya cewa ciniki ya faɗa. Yanzu da na rubuto amsar nan tasa na sake karanta ta, biyu zan ba shi. Wanda ke da wani abu na daban da 'yan duba waya ba su sani ba, ya kai masa, zai gane shi, amma ya fara zagayawa ya ji tayin wasu, kuma kada ya haɗa sayarwa da saye a ciniki ɗaya kamar yadda na yi. Wanda zai sayi na allon bayansa, ya ce a sauko da shi, a juya kwalin, a ɓare salatif, a ƙirga shafi a gabansa ko da bayansa layi ya kai ƙofa.

Hulk yana kan kanta, ban yanke shawarar aika shi a sa masa koren tambari ba tukuna. Ɗana ya roƙa na bar shi ya karanta sau ɗaya, ina tsaye a kansa, kuma labarin dai duk yana nan. Powerman huɗu suka rage mini, uku da na bari a gida da ɗayan da na karɓo, na mayar da su ledar da suka zo a ciki. Ranar Juma'a Kawu ya kira, bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, Turawan sun gane littattafan nan kuwa?" Na ce, "Sun gane su sosai, Kawu." Ya yi ta dariya yana jin daɗi, ni kuma na tambaye shi ya jikin Inna.