Gargaɗi: dala 20 da suka bari ka cire ita ce tarkon

Jama'a, raina a ɓace yake, ku yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse. Akwai damfarar da ke cinye sababbin shiga harkar kirifto (kuɗin intanet), kuma ko sun canza suna da tambari sau goma, salon ɗaya ne: dandalin ciniki na bogi. Manhaja mai kyan gani, farashi na hawa da sauka, ja da kore, amma babu cinikin da ake yi a bayanta ko na sisi.

Mu ɗauki misali da lissafi. An jefa ka wani zauren Telegram ko WhatsApp. Akwai "farfesa" mai ba da sigina, wato ya ce ga lokacin saye ga lokacin sayarwa, akwai "mataimakiya" da ke amsa tambaya ko da tsakar dare. Ribar kashi 2 cikin 100 kullum, in ji su. Suka ce kada ka zuba da yawa, fara da dala 100. Ka sayi USDT, kirifton kamfanin Tether da darajarsa ke bin dala, a kasuwa ta gaskiya, ka tura adireshin da suka ba ka ta layin Tron (TRC20), ɗaya daga cikin hanyoyin tura shi. Bayan kwana uku allo ya nuna 106. Ka ce bari dai in gwada su, ka nemi cire dala 20. Kafin ka ajiye wayar ta shigo walat ɗinka, wato manhajar da kake ajiye kirifto.

A nan aka gama da kai, a kan dala 20 ɗin nan. Ka ga saƙo ya shigo, ka duba, ka sake dubawa, ka ce ai ɓarawo ba ya mayar da kuɗi. Yana mayarwa mana! Cikin ɗarinka ya ciro 20 ya miƙo maka, 80 na hannunsa. Da dala 20 ta aljihunka ya sayi yardarka, washegari ka zuba 500.

Masu zuwa ƙasan rubutu su ce "kwaɗayi mabuɗin wahala" su dakata. Mutumin nan ya yi abin da ake ce wa kowa ya yi: ya fara da kaɗan, ya gwada cirewa, ya ga ta fita. Ina wautarsa? Abin da bai sani ba shi ne su ma sun san wannan shawarar, a kanta suka gina tarkon. Gwajin cire kuɗi kaɗan ba ya tabbatar da komai sai cewa suna son ka ƙara.

To, 600 ta shiga, 20 ta fito. Bayan kamar wata ɗaya da rabi allo yana nuna 1,400. Ka danna cirewa, sai a ce "ana dubawa". Sai mataimakiya ta ce sai ka biya harajin kashi 20, wato dala 280, kuma ba za a cire daga ribar ba, sabon kuɗi za ka turo. Ka biya, ta zama 860 a hannunsu. Sai kuma a ce an ga alamar halasta kuɗin haram a asusunka, sai ka ajiye kuɗin tantancewa. Ba ya ƙarewa. Dandalin gaskiya daga cikin abin da kake cirewa yake yanke kuɗin aikinsa, ba ya cewa ka kawo wani kafin ya sakar maka naka. Ita kuwa 1,400 ɗin, lamba ce da wani ya rubuta a kwamfutarsa. Zai iya mai da ita miliyan ɗaya da yatsa ɗaya.

Na tsallake wani abu. Tun kafin ɗarin farko, ta yaya manhajar ta hau wayarka? Yawanci mahaɗa suke turowa ka sauke kai tsaye, ba ta Play Store ba, duk da wasu kan kutsa har can ɗin. Adireshin shafin ma in ka bincika ranar rajistarsa a Whois, inda ake duba bayanan rajistar shafuka, sai ka tarar watanninsa kaɗan, alhali suna cewa shekarunsu takwas a kasuwa. Mutanen zauren masu saka hoton riba suna godiya ga farfesa, da yawansu asusun su 'yan damfarar ne. Yi tambaya mai tsauri ɗaya ka ga yadda za a goge ta a fitar da kai.

Shi kansa alƙawarin, ɗauki kalkuleta. Kashi 2 kullum, ana mayar da riba kan uwar kuɗi, yana ninka kuɗi sama da sau 1,300 a shekara. Dala 500 ta haura 680,000 ke nan. Wanda ke da wannan sirrin me zai nema a wurin mai dala 500? Kuma ba yau aka fara ba. BitConnect ta yi ta tallar wata na'urar ciniki mai kawo riba kullum, ta rushe a Janairun 2018. OneCoin ko bulokcen na gaskiya, wato kundin da ake rubuta duk turawar kirifto, ba ta da shi, shugabarta Ruja Ignatova ta ɓace a 2017, a 2022 FBI ta saka ta cikin mutum goma da take nema ruwa a jallo.

Akwai wani reshe da ya fi wannan muni. Ba za su ce ka tura komai ba, za su ce kuɗinka na nan a walat ɗinka, ka dai haɗa shi da shafinsu na "haƙar ma'adinai" (wai haƙo sabon kirifto) ka danna amincewa. Wannan dannawar izini ne ga kwantiraginsu, wato manhajar da ke bayan shafin, ya kwashi USDT ɗinka ba iyaka, duk ranar da suka ga dama. Za su jira ka tara, sannan su share. Wanda kuma ya rubuta kalmominsa 12 na sirri, waɗanda su ne makullin walat, a wani shafi da sunan gyara, walat ɗin ya tashi daga nasa, ko ya canza lambar buɗe waya.

Hotunan hirarrakin da waɗanda abin ya shafa suka turo suna nan, da saƙon harajin da komai. Zan saka su da zarar na rufe sunaye da lambobi.

Idan ka riga ka faɗa, kada ka ƙara ko dala ɗaya, ko me suka kira kuɗin. Kwafi adireshin da ka tura da lambar shaidar kowace turawa, ka duba su a Tronscan ko Etherscan, shafukan bin sawun turawa, ka ɗauki hoton hirar kafin su goge. Kai rahoto ga hukuma da kasuwar da ka sayi USDT ɗin. Turawar kirifto ba ta dawowa, amma kamfanin Tether kan daskarar da adireshi idan jami'an tsaro suka nema, don haka sauri na da amfani, ko da fatan kaɗan ne. Izinin da ka bayar ka soke shi a Revoke.cash, ko a Tronscan idan layin Tron ne. Kalmomin sirri sun fita? Buɗe sabon walat yanzu ka kwashe abin da ya rage. Kuma duk wanda ya biyo ka ta saƙo ya ce shi ƙwararren dawo da kuɗin da aka sace ne, ka biya kafin aiki, toshe shi. Sau da yawa su ɗin ne suka dawo da wani suna.